Shafen Tare Zafi: Ina Gaskiyar Fasahar Da Ake Cewa Tana Rage Wa Inji Shan Mai?

Tun ranar 29 ga watan Mayun 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur, lissafin duk wani mai inji a Najeriya ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a garuruwa da dama. Man dizal, wanda aka daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa, shi ma bai zo da sauƙi ba.

A Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, nauyin ya sauka a wuyan masu injinan casar shinkafa, da direbobin da ke jigila a hanyar Akwanga da ta Makurdi, da masu Keke NAPEP, da masu shagunan da ba su da madogara sai janareta. Sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa kaso mafi tsoka na man da suke saye da tsada ba ya juya taya, ba ya kuma juya injin casa. Zafi yake komawa ya bi iska.

Injin fetur na gama-gari yana mayar da kusan kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin mai zuwa aiki. Injin dizal mai kyau yana kaiwa kashi 40 ko sama da haka kaɗan. Ragowar ta kasu gida biyu: wani kaso ya fice ta salansa tare da hayaƙi, wani kuma ya ratsa ƙarfen injin ya shiga ruwan lagireto, fanka ta hura shi waje. Idan aka sassauta lissafin, a cikin kowace lita uku da aka zuba wa ƙaramin inji, lita ɗaya ce ta yi aikin da aka saye ta dominsa.

Wannan asara ce ta sa injiniyoyi suka shafe kusan shekara 50 suna bin wata tambaya mai sauƙin furtawa: idan aka shafe cikin injin da wani abu da zafi ba ya ratsawa, ba za a tsare wannan ƙarfi ya yi aiki ba? Amsar da bincike ya bayar ita ce ana iya samun riba, amma ba ta kai yadda aka yi mafarki ba, kuma hanyar samunta ta saɓa wa abin da hankali ya fara nunawa.

Mene ne shafen

A cikin silinda, inda iska da mai ke haɗuwa su kama da wuta, zafi yana haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos na ɗan ƙanƙanin lokaci. Alminiyom ɗin da ake ƙera fistin da shi kuwa yana narkewa a digiri 660, kuma tun kafin nan, da ya wuce digiri 300, ƙarfinsa ya fara raguwa sosai. Dalilin sanyaya inji ke nan. Lagireto ba don adon mota aka yi shi ba. Shi ke hana fistin narkewa, ko da yake a bakin aikinsa yana kwashe wani ɓangare na kuɗin mai.

Shafen tare zafi wani siririn rufi ne na dangin tangaran da ake mannawa a saman fistin, da fuskar bawul, da rufin silinda, wani lokaci har da cikin bututun da hayaƙi ke fita. Duk wanda ya taɓa shan shayi mai zafi a kofin ƙarfe sannan ya sha a kofin tangaran ya riga ya san tushen hikimar: na farko yana ƙona yatsa nan take, na biyu yana jinkirta zafin.

Sinadarin da ya fi shahara a wannan aiki shi ne zirkoniya, wani farin gari da ake samarwa daga yashin ma'adinin zirkon. Ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 2,700, kuma idan aka fesa shi a jikin ƙarfe, saurin da zafi ke ratsa shi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na saurin da yake ratsa alminiyom ba. Yana da wata fa'ida da sauran dangin tangaran ba su cika samu ba: idan ya ɗumama yana buɗewa da gwargwadon da ya kusanci na ƙarfe, don haka ba ya saurin ɓallewa daga jikin abin da aka shafa masa.

Amma zirkoniya tsantsa tana da aibi. Idan zafinta ya ratsa wajen digiri 1,170, tsarin ƙwayoyinta yana sauyawa, girmanta ya canza da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, sai ta tsattsage kamar tukunyar ƙasa da aka gasa da gaggawa. Maganin da aka samo shi ne a gauraya ta da ɗan sinadarin itiriya, wanda ake samu daga wani ƙarfe mai wuyar samu da ake kira itiriyom. A ƙarshen shekarun 1970, Stephan Stecura na cibiyar binciken hukumar NASA da ke Cleveland a Amurka ya nuna cewa gaurayen da ya fi daɗewa bai ɓalle ba shi ne mai itiriya kashi 6 zuwa 8 cikin 100. Har yau wannan ma'auni ne masana'antu suka fi amfani da shi.

Ba da buroshi ake shafa shi ba. Ana fara kankare ƙarfen da feshin tsakuwa domin ya yi kaushi, sannan a shimfiɗa masa wani rufin ƙarfe na nikel da kuromiyom da alminiyom, wanda ke zama tamkar gam tsakanin ƙarfe da tangaran, yana kuma hana tsatsar da zafi ke haifarwa. Daga nan sai a tura garin zirkoniya cikin harshen wata wutar lantarki da ake kira filasma, mai zafin da ya haura digiri 10,000. Garin ya narke a cikin iska, ya bugi ƙarfen da gudu, ya daskare ɗigo a kan ɗigo. Ƙananan ramukan iska da ke saura tsakanin ɗigon su ne ke ƙara masa ƙarfin tare zafi.

Inda fasahar ta riga ta yi nasara

Ba a injin mota wannan shafe ya fara cin kasuwa ba. Gidansa na asali shi ne injin tarbain, wato injin da iska mai zafi ke juya jerin fukafukansa, irin na jiragen sama da na tashoshin wutar lantarki masu aiki da iskar gas. A cikin irin waɗannan injina na zamani, iskar da ke bugun fukafukan farko ta fi zafin da ƙarfensu zai iya jurewa. Abin da ke tsare su shi ne iska mai sanyi da ake turawa ta cikinsu, da kuma wannan shafe wanda kaurinsa bai cika wuce rabin milimita ba, amma yana iya rage zafin da ke isa ga ƙarfen da digiri 100 ko fiye.

Ta wannan fuska, mutanen Lafiya sun daɗe suna cin moriyar fasahar ba tare da sun ji sunanta ba. Mafi yawan wutar da ke shiga babban layin lantarki na ƙasa daga tashoshin gas take fitowa, irin su Geregu a Jihar Kogi da Azura a Jihar Edo. Wutar da ke sauka a tashar rarraba lantarki ta Akurba, wadda tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2022, daga wannan layi take zuwa.

Sai dai tarbain da injin fistin ba halinsu ɗaya ba. A tarbain wuta tana ci ba yankewa, zafi kuma yana tsaye wuri ɗaya. A injin fistin kuwa, wuta tana tashi ta mutu, sabuwar iska mai sanyi ta shigo, a matse ta, wuta ta sake tashi. Ƙaramin janareta mai zagaye 3,000 a minti ɗaya yana maimaita wannan sau 25 a kowace daƙiƙa. Wannan bambanci ne ya kayar da gwajin farko.

Mafarkin injin da ba shi da lagireto

Bayan tashin farashin mai na shekarar 1973, ƙasashen da suka dogara da man Gabas ta Tsakiya sun shiga neman hanyar tsimi ido rufe. A Amurka, Roy Kamo na kamfanin Cummins da Walter Bryzik na sashen motocin yaƙi na rundunar sojin ƙasar suka jagoranci wani shiri na ƙera injin dizal da ba ya buƙatar ruwan sanyaya ko kaɗan. Sojoji suna da dalilinsu na musamman: lagireto wuri ne mai rauni a fagen fama, harsashi ɗaya ya isa ya tsayar da babbar mota. A Japan ma, kamfanonin Isuzu da Kyocera sun nuna injinan da aka ƙera sassansu da tangaran a shekarun 1980. A lokacin an yi ta hasashen cewa shan mai zai ragu da kaso mai yawa.

Ba haka ta kasance ba, kuma dalilan sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne ke bambance fasahar gaskiya da tallar banza.

Na farko, rufi mai kauri yana tare zafi, amma kuma yana adana shi. Bangon silinda sai ya zauna da zafi a kowane lokaci, har da lokacin da sabuwar iska ke shigowa. Iska idan ta ɗumama tana buɗewa, don haka wadda ke samun shiga silinda ta ragu. Ƙarancin iska kuwa ƙarancin ƙarfi ne. Mazauna Lafiya sun san misalin wannan a watan Maris da Afrilu: ɗakin da aka rufe da kankare yana shan rana yini guda, da dare kuma ya riƙa amayar da zafin a kan masu barci, alhali rumfar zana ta huce tun faɗuwar rana.

Na biyu, zafin da aka hana shiga lagireto bai koma aiki kai tsaye ba. Mafi yawansa ya sauya hanya ne kawai ya fice ta salansa. Sai an ƙara wata na'ura a bakin hayaƙin da za ta kama wannan ƙarfi, irin tobo ko ƙaramin tarbain, kafin a ci ribarsa.

Na uku, baƙin mai da ke sulɓe tsakanin fistin da silinda ba ya jure irin wannan zafi. Yana ƙonewa ya zama danƙo, zobban fistin su maƙale.

A shekarar 1987, Farfesa Gerhard Woschni na Jami'ar Fasaha ta Munich a Jamus, wanda ya yi fice a nazarin yadda zafi ke ratsa bangon inji, ya wallafa sakamakon da ya girgiza masu wannan fata. A gwajinsa, injin da aka tare wa zafi ya ƙara shan mai ne, bai rage ba. Bayaninsa shi ne, idan bango ya yi zafi ƙwarai, harshen wuta yana matsowa dab da shi, sai zafin da ke shiga bangon ya ƙaru a daidai lokacin da ake son ya ragu. Wasu masana sun yi jayayya da wannan bayani, gwaje-gwaje kuma suka riƙa ba da sakamako mabambanta, wani ya ga ragi, wani ya ga ƙari. Kafin ƙarshen ƙarnin, zumuɗin ya lafa.

A injin fetur matsalar ta fi muni. Bango mai zafi yana sa gaurayen iska da mai ya kama da wuta da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, abin da direba ke ji kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe idan mota na hawan tudu. Irin wannan ƙwanƙwasa idan ta daɗe tana huda fistin.

Dabarar rumfar zana

Abin da ya farfaɗo da fagen shi ne juya tambayar. Maimakon neman bangon da zai zauna da zafi, sai aka nemi wanda zai ɗauki zafi nan take idan wuta ta tashi, ya kuma huce nan take idan sabuwar iska ta shigo. Zafi yana gudana ne daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu gwargwadon saurinsa. Idan fuskar fistin ta bi zafin iskar da ke kanta sama da ƙasa, tazarar ta ragu a lokacin ƙonewa, asara ta ragu, sannan iskar da ke shigowa ba ta tarar da bango mai ƙuna ba. Ana buƙatar rufi siriri ƙwarai, mara nauyi, mai yawan ramukan iska, wanda ba shi da cikin adana zafi. Rumfar zana ke nan, ba ɗakin kankare ba.

Kamfanin Toyota ne ya fara kai wannan dabara kasuwa a shekarar 2015, a injin dizal mai lita 2.8 da ake kira 1GD-FTV, dangin injin da ake sanyawa a Hilux da Land Cruiser Prado. Bai yi amfani da zirkoniya ba. Ya sarrafa fuskar alminiyom ɗin fistin ne da lantarki har ta zama wani ɓawo mai ramuka, kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato bai fi silin gashi da yawa ba, sannan ya toshe bakin ramukan da sinadarin silika. Kamfanin ya bayyana cewa dabarar ta rage zafin da ke salwanta a lokacin ƙonewa da kusan kashi 30 cikin 100, injin kuma ya kai matsayin mayar da kashi 44 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa aiki.

Dole a karanta waɗannan alƙaluma da natsuwa. Rage asarar zafi ta saman fistin da kashi 30 ba ya nufin rage shan mai da kashi 30. Asarar da ake magana a kanta yanki ce ta wani yanki. Kashi 44 ɗin kuma ba shafen kaɗai ya kawo shi ba. An sake fasalin hanyar shigar iska, da tsarin feshin mai, da tobo. Gudummawar shafen shi kaɗai, a irin waɗannan injina, 'yan kaso ne ƙalilan da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ga kamfanin da ke ƙera dubban ɗaruruwan injina, wannan riba ce babba. Ga mai inji ɗaya, lissafin daban ne.

Akwai kuma wani cikas da ba a cika faɗa ba. Fuskar shafen tana da kaushi, kaushin kuma yana rage gudun iska da feshin mai a kusa da bango, ya jinkirta ƙonewa. Shi ya sa ake goge fuskar ta yi santsi, ko a zaɓi wuraren da za a shafa a bar wasu. Bayan haka, toka da baƙin hayaƙin da ke taruwa a kan fistin bayan dubban kilomita suna iya cike ramukan, su sauya halin rufin.

Batun hayaƙi

Ta fuskar gurɓata iska, shafen yana bayarwa da hannun dama ya karɓa da na hagu. Bango mai sanyi yana kashe harshen wuta kafin ya cinye man da ke kusa da shi, wanda shi ne tushen wani ɓangare na ɗanyen man da ke fita ta salansa da kuma iskar kabon monoksaid. Bango mai ɗumi yana rage wannan. Hayaƙi mai zafi kuma yana saurin ɗumama na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke yi wa laƙabi da indomi saboda kamannin cikinta, kuma ba ta fara aiki sosai sai zafinta ya kai wajen digiri 250 zuwa 300. Mintunan farko bayan tayar da inji da safe su ne mafi ƙazanta, don haka duk abin da ya gajarta su alheri ne.

A ɗaya ɓangaren, idan zafin ƙonewa ya haura wajen digiri 1,500, naitirojin da iskar oksijin da ke cikin iska suna haɗuwa su haifar da iskar da ake kira NOx, mai cutar da huhu da tsananta asma. Yawanta yana hauhawa da sauri da kowane ƙarin zafi. Gwaje-gwaje da dama a kan injinan dizal masu kaurin shafe sun nuna raguwar baƙin hayaƙi da kabon monoksaid tare da ƙaruwar NOx. Sai an sake saita lokacin feshin mai, ko an mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin silinda domin rage zafin wutar, kafin a daidaita lamarin, kuma yin hakan yana cinye wani abu daga ribar man da aka samu.

Wajibi ne a faɗi wani abu a fili: babu shafen da ke mayar da hayaƙin janareta mara lahani. Kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ta sha hallaka iyalai a cikin barci a sassan Najeriya. Janareta, kowane iri ne, wurinsa waje, nesa da taga da ƙofa.

Lissafin mai injin casa

A ɗauki misalin injin casar shinkafa da ke shan lita 40 ta dizal a yini. Idan shafe ya rage masa kashi 2 cikin 100, an tsira da ƙasa da lita ɗaya a rana, kusan lita 240 a shekarar da aka yi aikin kwana 300. Ba abin rainawa ba ne. Amma kafin a kai ga hakan sai an kwance injin, an rage tsawon fistin daidai kaurin shafen domin kada matsin silinda ya canza, an kai shi inda ake da na'urar filasma, an dawo an sake saita famfon mai. Idan kuma aikin bai yi kyau ba, ɓawon ya ɓalle, gutsattsarinsa masu tauri za su karce silinda, su lalata bawul da tobo.

A gefe guda, nozul da ya lalace yana zubar da mai maimakon fesa shi, matatar iska da ƙura ta toshe, zobban fistin da suka cinye, da tayar da ba ta da isasshiyar iska, kowannensu yana iya cin abin da ya kai ko ya zarce wannan kaso, gyaransu kuma yana hannun kanikawan da ke cikin gari. Ga mafi yawan injinan da ke aiki a Lafiya a yau, a nan ribar kusa take.

Wannan ne ma ya sa ya dace a yi hattara da masu tallar wani ruwa da ake zubawa a tanki ko a baƙin mai, ko fentin gwangwani, da sunan shafen tangaran mai rage shan mai da kaso mai yawa. Fentin da ke jure zafi yana da amfaninsa a bayan salansa, inda yake rage tsatsa da ɗumamar da ke cikin bonet. Amma shi da abin da ake narkawa a wutar digiri 10,000 ba abu ɗaya ba ne.

Yanayin ƙasar ma yana da tasa magana. Salfa da ke cikin mai, idan ta haɗu da gishiri da wani ƙarfe mai suna banadiyom da ake samu a mai mara tsabta, tana cin itiriyar da ke riƙe da zirkoniya har rufin ya ruguje. Shekaru da dama dokar Najeriya ta amince da dizal mai salfa har kashi 3,000 cikin miliyan, kafin ƙasashen ECOWAS su amince a shekarar 2020 da sauko da ma'aunin zuwa 50. Ƙura kuma tsohuwar abokiyar gabar wannan shafe ce: a injinan jiragen da ke shawagi a yankunan hamada, yashi yana narkewa a wajen digiri 1,200, ya kutsa ramukan rufin, ya daskare kamar gilashi, ya fasa shi. Injin fistin bai cika kaiwa wannan zafi a bangonsa ba, amma ƙurar hunturu da ta samu hanya ta yagaggiyar matata tana gurje duk abin da ta tarar.

Su kuwa motocin da ake mayarwa masu aiki da iskar gas ta CNG, ƙarƙashin shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, suna da wani yanayi na daban. Gas ya fi fetur jure matsi da zafi ba tare da ya kama da kansa ba, amma busasshe ne, ba ya jiƙa bawul ya sanyaya shi kamar yadda fetur ke yi, don haka bawul ɗin fitar hayaƙi da mazauninsa sun fi shan wahala. A nan batun kare sassan inji daga zafi ya fi batun tsimin mai muhimmanci.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Alaƙar Jihar Nasarawa da wannan fasaha ba ta tsaya ga masu sayen mai ba. Tsaunukan Afu da ke Ƙaramar Hukumar Nasarawa, inda aka daɗe ana haƙar kuza da kwalambait a yankin Udege tun zamanin Turawan mulkin mallaka, dangin duwatsun tsaunin Jos ne. Irin waɗannan duwatsu suna ɗauke da zirkon, kuma a tarin yashin da masu wankin kuza suka bari a Jos ana samunsa tare da monazait da wani ma'adini mai suna zenotaim, wanda shi ne ɗaya daga cikin tushen itiriyom. Wato sinadarai biyun da Stecura ya gauraya a Cleveland, danginsu na kwance a cikin abin da aka daɗe ana ɗauka shara a tsakiyar Najeriya.

Darajarsu kuwa tana ƙaruwa. Ostareliya da Afirka ta Kudu ne ke kan gaba wajen samar da zirkon, Senegal kuma ta shiga sahu a shekarar 2014 da ma'adinin Grande Côte. Itiriyom kuwa kusan dukkan tacewarsa a hannun ƙasar Sin take, kuma a watan Afrilun 2025 ta sanya shi cikin ƙarafa bakwai da ta ƙaƙaba wa takunkumin fitarwa sai da lasisi, matakin da ya tayar da hankalin masu ƙera injinan jirage da na tashoshin lantarki.

Sai dai tsakanin buhun yashi da garin da ake fesawa a fistin akwai tafiya mai nisa. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin zirkon zirkoniya ce, amma raba ta da silika yana buƙatar tanderun lantarki mai tsananin zafi ko dafawa da sinadarai masu ƙarfi, sannan a tace ta, a gauraya ta da itiriya, a mayar da ita gari mai ƙwayoyi daidai wa daida. Kowane mataki yana ninka darajar kayan, kuma kowanne yana buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa. Manufar Ma'aikatar Ma'adinai ta Tarayya ƙarƙashin Minista Dele Alake, ta cewa mai neman lasisin haƙa ya zo da tsarin sarrafa abin da ya haƙo a cikin gida, a irin wannan wuri ne za a gwada ƙarfinta.

Akwai kuma haɗarin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Zirkon da monazait suna ɗauke da ɗan toriyom da yuraniyom, masu fitar da tururin nukiliya. Nazarce-nazarce a tsoffin wuraren haƙar kuza na Jos sun nuna cewa tarin yashin yana fitar da tururin da ya zarce na ƙasar da ke kewaye da shi. Tara irin wannan yashi a tsakar gida, ko yin bulo da shi, ko shaƙar ƙurarsa wajen tankaɗe, abu ne da ke buƙatar sa idon Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya.

Jihar ba ta rasa cibiyoyin da za su iya ɗaukar wani ɓangare na aikin ba. Hukumar NASENI tana da cibiyar ƙera injinan sarrafa ma'adinai a garin Nasarawa da ta injinan noma a Lafiya. Akwai Jami'ar Tarayya ta Lafiya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, da ta Tarayya da ke Nasarawa, da Jami'ar Jihar da ke Keffi, ga kuma Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa a Jos da ba ta da nisa. Gwajin da zai amfani mai injin casa ba mai wuyar tsarawa ba ne: injina biyu iri ɗaya masu silinda guda, ɗaya da shafe ɗaya babu, a ɗora musu nauyi ɗaya, a ba su dizal ɗin da ake sayarwa a gidajen man Lafiya, a auna man da kowanne ya sha da hayaƙin da ya fitar na tsawon ɗaruruwan sa'o'i da suka ratsa lokacin hunturu, sannan a kwance su a duba abin da ya rage a saman fistin.